Ina Son Karatun Walfiya, Maigida Ya Ce Shiga Sharo Ba Shanu Ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Unguwar Rogo, nan Jos, shekarata 26, yarana biyu, ina ɗinki a gida. Tun ina budurwa mata ke kawo min kukansu, ban san dalili ba. Watan jiya wata yarinya 'yar aiki a layinmu, ba ta wuce shekara 13 ba, ta faɗo gidana da dare, bayanta duk shatar wayar wuta. Na ɓoye ta kwana uku, na je na yi wa uwar ɗakinta tas a gaban mutane. Magana ta kai gaban mai unguwa, aka ce ni ce da laifi, na ba da haƙuri, aka mayar da yarinyar ƙauyensu. Har yau ban san halin da take ciki ba. Tun daga ranar nake son in yi karatun aikin jin daɗin jama'a, wato walfiya, in san yadda ake yin abin nan bisa ƙa'ida. Na ga wata cibiya a cikin gari tana ba da satifiket a wata shida kan naira 180,000, sun ce suna haɗa ɗalibansu da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Adashena zai fito wata mai zuwa, kusan adadin ke nan. Baban yara ya ce in dai karatu nake so in yi na lafiya, wai walfiya shiga sharo ba shanu ne, uwar mijina kuma ta ce 'yan walfiya masu raba auren mutane ne. Na gama sakandare a 2016, amma lissafi bai fito min ba. Me zan yi?

Ƙanwarki daga Unguwar Rogo.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Bari in fara da kuɗin adashen nan, don shi ne ke da ranar fita. Kada ki kai shi cibiyar nan. Ban san su ba, ba kuma zan ce 'yan damfara ne ba, amma akwai tambaya ɗaya da za ta raba gardama: wa ya tantance kwas ɗin? A ƙasar nan difloma da babbar difloma hukumar NBTE ce ke tantance su, hedikwatarta na Kaduna. Digiri kuma hukumar NUC ce, a Abuja. Takardar wannan fanni da ba ta da gindin zama a ɗaya daga cikin waɗannan biyun, in kin kai ta hukumar ɗaukar ma'aikata za a karɓa a ajiye a gefe, ba kuma za ki hau kanta ki ci gaba da karatu ba. In kika tambaye su suka nuna miki takardar rajistar kamfani, to ki sani wannan shaidar kasuwanci ce kawai, mai shagon taya ma yana iya mallakarta.

Na taɓa raka wata 'yar ƙanwata irin wannan wurin. Ɗaki ne a saman bene, ƙasansa ana sayar da kayan gini. Kujerun roba, allo fari, da wata doguwar rigar yaye ɗalibai guda ɗaya rataye a ƙusa, wadda kowa ke sakawa a ɗauke shi hoto ya cire ya miƙa wa na baya. Mutumin da ya tarbe mu yana da fara'a ƙwarai. Na tambaye shi inda ɗalibansu ke zuwa koyon aiki, ya ce ai komai a aji ake gamawa. Nan na ja hannun yarinyar muka sauko. Aikin da kike so ba a gama shi a aji. Gajeren kwas na kwana biyar ko wata ɗaya yana da amfaninsa ga wanda ya riga ya mallaki takarda, kamar yaji ne a kan tuwo. Ke kuwa tuwon kike nema tukuna.

Yanzu maganar yarinyar. Zan faɗa miki abin da ba lallai ya yi miki daɗi ba, don a cikinsa amsar tambayarki take. Buɗe mata ƙofa da kika yi daidai ne, Allah Ya saka. Amma daga nan kusan duk abin da ya biyo baya shi ya jawo miki laifi. Wadda ta yi karatun, da gari ya waye za ta kai yarinyar asibiti, likita ya duba ya rubuta abin da ya gani, da kwanan wata, tun shatar ba ta baje ba. Za ta kai rahoto ofishin walfiya ko wurin 'yan sanda a ranar, don kada a juya magana a ce ita ta sace 'yar mutane. Za ta zauna da yarinyar ita kaɗai ta rubuta abin da ta faɗa da bakinta, ba tare da ta ɗora mata kalma ba. Ba za ta taka gidan uwar ɗakin da faɗa ba, don faɗan shi ya mayar da maganar daga bayan yarinya zuwa bakinki. Kafin a mayar da ita ƙauye kuma za ta tambaya: wa ya kawo ta Jos, wa ke karɓar kuɗin aikinta a ƙarshen wata, kuma in an mayar da ita, ba wani gidan za a sake turawa bayan sallah ba? Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ta hana kai yaro aikatau gidan da ba na danginsa ba, kuma Filato na cikin jihohin da suka karɓi dokar tun da wuri. Doka tana bayanki a daren nan, ke ce ba ki san tana nan ba.

Abin da makaranta za ta ba ki ke nan. Tausayi kin zo da shi daga gida, ba wanda zai ƙara miki. Za a koya miki doka, da rubutu, da riƙe sirri, da sanin inda hannunki ya tsaya. Za a koya miki shiga gidan mutane ki gani ba tare da kin tozarta su ba. Wata tsohuwar ma'aikaciya da na sani, in ta je ziyarar gida ba ta fara tambayar ko an ci abinci, don kowa zai ce alhamdu lillahi. Ruwa take roƙa. Kafin a kawo ta leƙa murhu ta ga ko tokar ta yau ce ko ta shekaranjiya, ta ƙirga tabarmi, ta lura wane yaro ne ke da rigar sanyi a hunturun Jos wane ne ba shi da ita, ta ga wa ke amsawa in an tambayi matar gida. In ta fito sai ta zauna a kan dakali can nesa ta rubuta abin da idonta ya gani daban, abin da aka faɗa mata daban, abin da take zato daban. Wannan rarrabewar ita ce sana'ar. Alƙali a kotun iyali da rahoton irin wannan matar yake yanke wa zai riƙe yaro.

Sai ki shirya wa biro. Rabin aikin rubutu ne, kuma da Turanci: fayil, rahoto, wasiƙar tura mutum wani ofis, fom da ake cikewa a waya ko a kwamfuta. Na ga mata masu zuciyar zinariya da suka gudu saboda wannan. In Turancinki ya yi tsatsa a shekarun nan na zaman gida, tun yanzu ki fara goge shi.

Hanyoyin karatun biyu ne. A littafin JAMB za ki ga na jami'a da sunan Social Work, shekara huɗu. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka na cikin waɗanda suka daɗe suna koyar da shi. A kwalejojin fasaha kuma sunansa Social Development, kuma a Arewa Kaduna Poli ta yi suna a kansa. Nan za ki yi shekara biyu ki karɓi difloma, ki yi shekara ɗaya kina aiki, sannan ki koma shekara biyu ki yi babbar difloma. Mai difloma da sakamako mai kyau tana iya tsallakawa aji biyu na jami'a ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB. Jami'ar Jos tana da sashen nazarin zamantakewa, kuma da yawa daga ma'aikatan walfiya ta wannan ƙofar suka shigo, sai dai ki san karatun nazari ne ya fi yawa a ciki, ba koyon aikin hannu da hannu ba. Jerin kwasa-kwasan da aka tantance yana sauyawa, don haka na shekarar da za ki nema shi za ki duba, har da na Polin jiha da ke Barkin Ladi. Ga mai yara biyu da keken ɗinki, ni difloma nake zaɓar miki. Shekara biyu abu ne da miji zai iya hangowa ƙarshensa, kuma in rayuwa ta tsayar da ke a nan, kin tsaya da takarda a hannu.

Duk makarantar da kika je, bayan tambayar tantancewa ki yi ta biyu: ina kuke tura ɗalibai koyon aiki, tsawon wane lokaci, kuma wa ke bin su ya duba? In suka ambaci asibiti, gidan marayu, gidan gyaran hali, ofishin walfiya na ƙaramar hukuma, kuma akwai littafin da ɗalibi ke cikewa ana sa masa hannu, to makaranta ce. Ki nemi ɗalibin aji biyu a bakin ƙofa ki tambaye shi, shi ba ya tallar komai.

Amma kafin duk wannan akwai lissafi, wanda kika ambata a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba. Shi ne ƙofar. Kiredit biyar ake nema har da Turanci, kuma yawancin makarantu ba sa ɗaga ƙafa a kan lissafi. NECO da WAEC duk suna da jarrabawar 'yan waje a ƙarshen shekara, makarantu da dama kuma suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Ga inda kason farko na adashen zai tafi: kuɗin rajista, da malamin da zai riƙa zuwa yana yi miki darasi, sai fom ɗin JAMB. Saura ki adana. In kin samu gurbi a makarantar gwamnati, akwai lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, babu kuɗin ruwa a kansa, kuma makarantun gwamnati kawai yake shafa. Cibiyar wata shidan ba ta ciki. Maganar bautar ƙasa kada ta dame ki. Wanda ya gama bayan ya haura shekara 30 takardar yafewa ake ba shi, kuma ana neman aiki da ita.

To, baban yara. Kada ki ɗauke shi abokin gaba, don rabin maganarsa gaskiya ce. Mai takardar lafiya ta fi saurin samun abin yi. Kwalejin fasahar lafiya da ke Pankshin tana yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, shekara uku, suna da hukumar da ke yi musu rajista da lasisi, kuma ko gwamnati ba ta ɗauka ba akwai asibitoci masu zaman kansu a kowace unguwa. Aikin walfiya ba haka yake ba. Masu ɗauka su ne ma'aikatar mata da ci gaban al'umma ta jiha, ƙananan hukumomi, manyan asibitoci, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, da hukumar gidajen gyaran hali, wadda dokar 2019 ta ƙara mata aikin sa ido kan masu laifin da ba a tsare ba. Duk gurabe ne da ba kullum ake buɗewa ba, albashin kuma na gwamnati ne, kin san shi. Ƙungiyoyi masu zaman kansu sun fi biya, amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, kuma kuɗin daga waje yake zuwa. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, ma'aikata da yawa a ƙasar nan sun wayi gari ba aiki, ciki har da masu digiri biyu. Duk wanda ya yi miki alkawarin aikin ƙungiya a kan satifiket ɗin wata shida, yana sayar da abin da ba ya hannunsa. Keken ɗinkin nan kada ki sayar, ko kin gama karatu.

Inda ya yi kuskure shi ne ɗaukar aikin a matsayin katsalandan. Abin da kika yi watan jiya, ba takarda ba ofis, shi ne shiga sharo ba shanu, shi ya sa aka ba ki laifi. Mai katin aiki in ta shiga gida da hurumi ta shiga. A ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa tsara wannan sana'a da yi wa masu yin ta rajista. Ma'ana ƙasar ta nufi inda ba kowa zai kira kansa ma'aikacin jin daɗin jama'a ba sai mai takardar da aka amince da ita. Wannan ma wani dalili ne na guje wa ɗakin saman bene.

Ina zaton kuma abin da ke cin mijinki ba albashi ba ne. Mutum ne da aka kira shi gaban mai unguwa saboda matarsa, maƙwabta suna kallo. Tsoro yake ji karatun ya zama lasisin mayar da gidansa ofishin ƙorafi, a riƙa buga masa ƙofa tsakar dare. In haka ne, ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, ki fara da amincewa cewa kin jefa shi cikin abin da bai shirya ba. Sannan ki faɗa masa gaskiya: darasin farko a wannan karatun shi ne ba a kai aiki gida, ba a ɓoye kowa a ɗaka, ba a biya wa mutane daga aljihu. Ki zo masa da tsari a rubuce, wa zai kai yara makaranta, wa zai riƙe ƙaramin, nawa ne kuɗin mota a mako. Maza da yawa ba karatun suke ƙi ba, ruɗanin da ba su ga ƙarshensa ba suke ƙi. In har Kaduna ce kawai mafita, ya ce bai yarda ki kwana a wani gari ba, kada ki mayar da shi yaƙi. Ki nemi abin da ke cikin Filato, ko da nazarin zamantakewa ne, ki cike giɓin da aikin sa kai.

Hajiya uwar mijinki kuwa, ba da baki za ki shawo kanta ba. Abin da ta ji game da 'yan walfiya daga waɗanda aka kai ƙara ta ji shi, mijin da aka tilasta masa kuɗin ciyar da 'ya'ya ba zai fito yana yabo ba. Yawancin zaman da ake yi a ofishin sulhu ne, irin wanda iyaye da limamai ke yi a zaure, bambancin kawai ana rubutawa kuma ana bibiya. Ki bar ta da lokaci. Wata rana wani nata zai kwanta asibiti kuɗi ya gagara, ta ga wa ake nema.

Akwai abu ɗaya da ya shafi garinmu wanda ba zan tsallake ba. Tun rikicin Satumban 2001 Jos ta rabu unguwa-unguwa, akwai matasan da suka girma ba su taɓa shiga wasu layukan garin haihuwarsu ba. Wannan aikin ba ya zaɓar unguwa. Fayil ɗinki na farko zai iya zama na wata bazawara Birom daga Bukuru ko yaron Afizere, mai duba aikinki Kirista, abokiyar zamanki a aji daga Langtang. Hausarki jari ce, don ita ce harshen kasuwa da asibiti a duk faɗin Filato, amma sai kin iya zama a falon da aka rataye gicciye ki saurara da zuciya ɗaya, kamar yadda za ki so a saurari taki uwar. Kuma sirri: abin da kika ji a ofis ba ya zuwa gidan suna, ba ya zuwa kunnen miji, ba ya zuwa WhatsApp ko da kin cire suna. A unguwa irin taku, cire suna ba ya ɓoye kowa. Ki auna kanki a kan waɗannan biyun da gaskiya. In kin ga ba za ki iya ba, Pankshin ba abin kunya ba ne.

Gani ya kori ji. Kafin ki sayi kowane fom, ki ware safiya ɗaya ki hau keke zuwa asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, ki tambayi ofishin walfiya. Ki gaishe su, ki ce karatun kike son yi, ki roƙi minti goma. Ki tambayi kowace a ina ta yi karatu, shekara nawa ta yi tana jira kafin a ɗauke ta, da abin da ya fi hana ta barci. In baban yara zai raka ki, ya fi kyau, ya gani da idonsa cewa ofis ne da tebur da fayil. Wata safiyar ki je sashen walfiya na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ki tambaya ko suna karɓar masu aikin sa kai ko da kwana ɗaya a mako.

In kin je can, ki tafi da sunan yarinyar, da sunan ƙauyensu, da ranar da abin ya faru, da sunan wanda ya kawo ta in kin sani. Ki ba su a rubuce, ki roƙi su tuntuɓi ofishin walfiya na ƙaramar hukumar da aka mayar da ita, a je a duba ko tana gida ko an sake tura ta wani wurin. Wata ɗaya bai yi nisa ba. Ki rubuto min abin da suka ce.